Allurar NAD+ da ta bitamin B12: yadda ake haɗa su, da inda maganar adadi ta tsaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 47, ina kasuwanci, kuma kusan wata shida ke nan ina fama da kasala, ko na yi barci sai in tashi a gajiye. Wani abokina ya kawo mini tsarabar wata 'yar kwalba mai farin gari a ciki, an rubuta NAD+ miligiram 500 a jikinta, ya ce allura ce mai ƙara wa ƙwayoyin jiki kuzari. Ruwa nawa zan zuba mata, kuma nawa zan riƙa yi wa kaina? Shin ta fi allurar B12 da nake yi a kemis lokaci zuwa lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zan amsa maka a matsayina na mai harhaɗa magunguna, kuma zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Lissafin ruwan da ake zubawa abu ne mai sauƙi, zan ma nuna maka shi a nan, amma adadin NAD+ da ya kamata a yi wa mutum babu shi a cikin wani littafin magunguna da likitoci ke dogara da shi, domin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ba ta amince da wannan allura a matsayin maganin kowace cuta ba, kuma ba a yi manyan gwaje-gwajen da ake yi kafin a ce ga adadi mai amfani, ga kuma mai cutarwa ba. Lambobin da ke yawo a intanet na masu sayarwa ne da na wuraren da ke karɓar kuɗi su ɗaura wa mutane ruwa. Idan na kwafo ɗaya daga ciki na ba ka, na ari bakin ɗan kasuwa ne na ci masa albasa.

Shi kansa sinadarin ba ƙarya ba ne. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda ke sarrafa suga da mai su fitar da ATP, wanda shi ne makamashin da tsoka da ƙwaƙwalwa da zuciya ke aiki da shi kai tsaye. NAD+ ɗan dako ne a wannan aiki: yana ɗaukar lantarkin da aka ciro daga abinci ya kai shi inda ake haɗa ATP, ya sauke, ya koma ya ɗauko wani. Arthur Harden da William Young ne suka fara gano shi a Ingila a shekarar 1906, lokacin da suke nazarin yadda yis ke sa suga ya yi tsami. Jiki kuwa da kansa yake haɗa shi, daga bitamin B3 da ake kira niyasin, da kuma wani sinadarin furotin mai suna tiriftofan. Abin da namiji baligi ke buƙata na niyasin a rana bai wuce miligiram 16 ba, mace kuma 14, kuma gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nama da kifi da hanta duk suna ɗauke da shi. An san yadda mutum ke kasancewa idan NAD+ ya yi ƙaranci na gaske a jikinsa, domin cutar tana da suna, felagira, wadda ta addabi talakawan jihohin kudancin ƙasar Amurka masu rayuwa a kan masara a farkon ƙarni na 20: fata ta yi baƙi ta daddare a inda rana ke duka, ga zawo, ga ruɗewar hankali. A 1937 Conrad Elvehjem ya nuna cewa niyasin ne ke warkar da makamanciyarta a jikin karnuka, kuma har yau da ƙwayar haɗiya ake maganinta.

Inda tallar ta samo ƙarfi shi ne binciken da ya nuna cewa NAD+ yana raguwa a wasu sassan jiki idan shekaru suka ja, da kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, inda ƙara shi ya gyara wasu alamomin tsufa. Tsakanin ɓera da ɗan Adam akwai tafiya mai nisa. Ƙwayar NAD+ babba ce, ba ta ratsa bangon ƙwayar halitta cikin sauƙi, kuma akwai sinadarai a cikin jini da kan bangon ƙwayoyin, irin su CD38, da ke farfasa ta tun kafin ta isa ciki. A wani ɗan ƙaramin bincike da Ross Grant da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, an ɗaura wa maza takwas miligiram 750 a hankali cikin awa shida, wasu uku kuma aka ba su ruwan gishiri kawai, sai aka tarar a awa biyun farko yawansa bai ko motsa a cikin jininsu ba, alamar jiki yana kwashe shi yana sarrafawa nan take. Wannan binciken bai auna ko mutanen sun daina gajiya ba, ya bi sawun sinadarin ne kawai. Ƙwayoyin haɗiya irin su NR da NMN, sinadaran da jiki ke mayarwa NAD+, suna ɗaga yawan NAD+ a jini, wannan an tabbatar, amma abin da aka gani na ƙarin ƙarfi ko lafiya a jikin mutane kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da surutun da ake yi a kansu.

Ga lissafin da ka tambaya, kuma ina kawo shi ne don ka ga ta inda kuskure ke shigowa. Idan aka zuba ruwa mililita 5 a kan gari miligiram 500, kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 100. Idan mililita 2 aka zuba, kowace mililita ta koma miligiram 250. Masu yin irin wannan allura a gida galibi da sirinjin insulin suke amfani, wanda aka zana masa lamba daga 0 zuwa 100, kuma lambar 100 ɗin daidai take da mililita ɗaya. Waɗannan lambobi ma'aunin insulin ne, ba su da wata alaƙa da miligiram. Mutum ya ji wani a bidiyo ya ce yana jan ruwan zuwa lamba 20, shi ma ya ja zuwa 20, alhali wancan mililita 5 ya zuba, shi kuma 2: wancan ya yi miligiram 20, shi ya yi 50, ninki biyu da rabi, kuma dukansu sun yi imani abu ɗaya suka yi. Wani rikicin kuma shi ne na miligiram da maikirogiram, waɗanda rubutunsu ke kama da juna a jikin kwalba amma tazararsu ninki dubu ce. Wannan ne ya sa a asibiti ake rubuta ƙarfin haɗin da ranar da aka haɗa shi a jikin kwalbar, kuma idan maganin mai haɗari ne sai ma'aikaci na biyu ya sake duba lissafin kafin a taɓa majiyyaci.

Ruwan ma iri-iri ne. Akwai tsarkakakken ruwan allura, wanda babu komai a cikinsa, kuma da an fasa shi amfani ɗaya ake yi a zubar da ragowar, saboda babu abin da zai hana ƙwayoyin cuta hayayyafa a ciki. Akwai wanda aka sa wa sinadarin benzil na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kashi 0.9 cikin ɗari, shi ne ake haɗa maganin da za a riƙa ɗiba sau da yawa, kuma ko shi ƙa'idar ita ce a jefar da kwalbar bayan kwana 28 da huda ta, sai dai in kamfanin ya faɗi wani wa'adi dabam. Ba a kusantar da shi ga jarirai sabbin haihuwa, domin a farkon shekarun 1980 an rasa bakwaini da dama a Amurka ta dalilinsa. Akwai kuma ruwan gishiri na ƙarin ruwa. Kamfanin da ya yi magani shi ke gwadawa ya faɗi wanne ne ya dace da shi, da awa ko kwana nawa haɗin zai yi kafin ya lalace, kuma duk wannan yana cikin takardar da ke rakiyar maganin da aka yi wa rajista. Ruwan leda, ruwan gora da ruwan da aka tafasa a gida ba sa cikin wannan magana ko kaɗan, komai tsabtarsu a ido. Shi NAD+ kuma ba ya jure zafi da zarar an jiƙa shi, ana ajiye shi ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, sai ka tambayi kanka ko firjinka yana riƙe wannan sanyi dare da rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato ga kuma ɗauke wuta. Ka kuma tambayi kanka awa nawa kwalbar ta yi a cikin jaka kafin ta zo hannunka.

Duk da haka, abin da ya fi tayar mini da hankali game da kwalbarka ba lissafi ba ne, ba kuma ajiya ba. Ban san abin da ke cikinta ba, kai ma ba ka sani ba, abokinka ma haka. Garin da aka yi don a haɗiya dabam yake da wanda aka yi don allura, ko da sunan sinadarin ɗaya ne. Ciki da hanji suna da hanyoyin kare jiki daga ƙazantar da ta biyo abinci, allura kuwa tana tsallake duk waɗannan ƙofofi. Akwai wata guba da ake kira endotoksin, ragowar bangon wasu ƙwayoyin bakteriya ce, tana nan ko bayan ƙwayoyin sun mutu, tafasawa ba ta kashe ta, matatar da ke tare ƙwayoyin cuta ba ta tare ta, kuma ɗan ƙanƙanin abu daga cikinta idan ya shiga jini yana kawo zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, amai da faɗuwar hawan jini. A watan Oktoba na 2024 hukumar FDA ta fitar da gargaɗi cewa wasu masu haɗa magunguna suna amfani da NAD+ irin na abinci suna yin na allura, kuma ta samu rahoton mutanen da suka kamu da rawar sanyi mai tsanani, karkarwa, amai da galabaita bayan an yi musu, alamomin da suka yi daidai da na wannan guba. Wannan fa a wuraren da ke da lasisi ke nan. Kafin nan, a 2012, allurar da wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Masachusets ya yi ta gurɓace da fumfuna, mutum sama da 750 suka kamu da ciwo, 64 suka rasu, yawancinsu da sanƙarau. Idan haka ta faru a inda ake da ɗakin haɗa magani da masu sa ido, kwalbar da babu lambar NAFDAC a jikinta, babu takardar gwaji, wataƙila ma an rubuta mata da ƙananan haruffa cewa don bincike ce kawai, ba abin da mutum zai tura cikin jikinsa ba ce. Ko wanda aka tabbatar da tsabtarsa, idan aka ɗaura shi ta jijiya da sauri, yana sa nauyin ƙirji, murɗar ciki, tashin zuciya da ciwon kai, shi ya sa masu yin sa ke jan ruwan har tsawon awanni.

Maganar B12 dabam ce, kuma a nan ne zan iya ba ka lambobi da gaba gaɗi, domin magani ne da aka daɗe da sani. Tun 1926 George Minot da William Murphy suka nuna cewa cin hanta da yawa yana ceto masu wani nau'in ƙarancin jini da a da ake ɗaukarsa ajali, aka ware sinadarin a 1948. Jiki yana buƙatar maikirogiram 2.4 ne kawai a rana, hanta kuma tana ajiye abin da zai ishi mutum shekara uku zuwa biyar. Waɗanda ke rasa shi sanannu ne: wanda cikinsa ya daina fitar da sinadarin da ke taimakawa a tsotse shi, wanda aka yanke wa wani sashe na ciki ko hanji, tsofaffi, wanda ba ya cin nama ko ƙwai ko kifi ko nono, mai ciwon suga da ya daɗe a kan metformin, da wanda ya shekara yana shan omeprazole saboda gyambon ciki. Idan gwajin jini ya tabbatar da ƙarancin, tsarin da ake bi a Ingila shi ne allurar B12 mai suna hydroxocobalamin, miligiram 1, wato maikirogiram 1000, ta tsoka, sau uku a mako har mako biyu, daga nan sai duk bayan wata biyu zuwa uku. Idan ƙarancin ya riga ya taɓa jijiyoyi, mutum yana jin dindiris ko tsira-tsira a tafin ƙafa, ko tafiyarsa ta fara tangaɗi, ana yi masa yau a tsallake gobe har sai sauƙin ya daina ƙaruwa, sannan a koma duk wata biyu. A Amurka wani nau'in B12 mai suna cyanocobalamin aka fi amfani da shi, kuma bayan zangon farko duk wata ake yi. Ka lura wannan allura tana zuwa a haɗe ne a cikin 'yar kwalbarta, babu wani garin da za a jiƙa. Da yawa daga masu ƙarancin ma ƙwayar haɗiya mai ƙarfin miligiram 1 zuwa 2 a rana tana wadatar da su, saboda kusan kashi ɗaya cikin ɗari yana ratsa hanji ko babu wancan sinadari na ciki.

Amma wanda B12 ɗinsa yake daidai, allurar ba ta ƙara masa komai, ƙoda ce ke fitar da rarar ta fitsari. Launin ruwan ɗorawa da mutane ke gani a fitsarinsu bayan an yi musu bi-kwamfiles su ce magani ya kama, bitamin B2 ne ke fita. Akwai ma wata illa da ba a cika lura da ita ba: wanda ya yi allurar B12 kafin a ɗebi jininsa ya ɓata sakamakon gwajin, likita zai ga lamba mai kyau ko da akwai matsala a ƙasa, don haka ka gaya masa ranar da aka yi maka ta ƙarshe. Sauran abubuwan da ake zubawa a cikin ruwan da ake kira na ƙarin ƙarfi ma kowanne da nasa sharaɗin. Bitamin B1 ta jijiya yakan tayar da mummunar borin jini da ke toshe numfashi cikin mintuna, ko da yake ba kasafai ba, shi ya sa ba a yin sa sai a inda allurar adrenalin ke kusa. B6 idan ya yi yawa na tsawon lokaci shi da kansa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Bitamin C mai yawa ta jijiya yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin wani sinadari mai kare su da ake kira G6PD, wanda gado ne da ya yawaita a tsakanin mazan yankinmu kuma akasarinsu ba su san suna da shi ba, yana kuma iya lahanta ƙoda. Karnitin na allura, sinadarin da ke taimaka wa jiki sarrafa mai, yana da gurbinsa, amma ga waɗanda aka haifa da ƙarancinsa ne da wasu masu wankin ƙoda. Shi kansa ƙarin ruwan, ga mai raunin zuciya ko ciwon ƙoda, lita ɗaya da aka saki da sauri tana iya taruwa a huhu. A nan ne neman ƙiba ke kawo rama.

Tun da ka ambaci kemis, ka sani cewa lasisin mai shagon magani na unguwa bai ba shi izinin yin allura ba, na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne. Na san al'ada ta riga ta yi nisa, har wasu ke ganin ba a yi musu magani ba in ba a soke su ba, kuma na san a ƙauyuka da yawa shi ne mafi kusa. Amma mun sha ganin abin da ke biyo baya: ƙurji mai zurfi a mazaunai da sai an tsaga an fitar da mugunya, da yaron da ƙafarsa ta shanye saboda allurar ta sami babbar jijiyar da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, abin da ya sa ake koyar da ma'aikatan jinya su tsaya a sashen sama na wajen mazaunai, ko su koma cinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai allurar da ba a kiyaye tsabtarta ba ta sa wa mutane har miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B, da kusan 315,000 nau'in C. Masar ta ɗanɗana wannan: yaƙin da aka yi da tsargiya ta hanyar allura daga shekarun 1950 zuwa 1980, da sirinjin gilashi da ake maimaitawa, shi ya bar ƙasar da yawan masu ciwon hanta nau'in C da ya kasance cikin mafi girma a duniya. Ko sabuwar allura aka sa, idan sirinjin tsoho ne aka tsoma shi a kwalbar da ake ɗiba wa mutane da yawa, kwalbar gaba ɗaya ta gurɓace.

Mu koma kan kasalar, wadda ita ce ainihin abin da ya kawo ka. Gajiyar wata shida a jikin mai shekara 47 alama ce da ake bin diddiginta. Ka je babban asibiti ka nemi a yi maka cikakken gwajin jini, ba PCV kaɗai ba, wato awon yawan jini, domin girman jajayen ƙwayoyin yana nuna ko ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ko na B12 da bitamin folik. Namiji idan himogilobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowace desilita yana da ƙarancin jini, kuma a shekarunka ba a tsayawa a ba da maganin ƙarin jini, sai an nemi ta inda jinin ke zurarewa, musamman ciki da hanji. A auna suga da hawan jini, a duba aikin ƙoda da hanta da maƙoshin da ke fitar da sinadarin tayirod, a yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na HIV, tun da ka sha yin allura a waje. Idan kana tari, ko gumin dare, ko ka lura rigunanka sun fara yi maka yawa, ka faɗa, a duba tarin fuka. Ka ce kana tashi a gajiye ko ka yi barci, to ka tambayi uwargida ko kana minshari mai ƙarfi har numfashinka ya riƙa ɗaukewa, saboda wannan ciwo ne mai zaman kansa da ake magancewa. Damuwar kasuwa da ta iyali ma tana sauka a jiki kamar ciwo, kuma ba abin kunya ba ne a gaya wa likita. Ka tafi da duk abin da kake sha, har da na gargajiya da na ƙarfin maza da lemun ƙara kuzari, ka haɗa da ita kwalbar NAD+ ɗin a rufe yadda take.

Idan kuma ka riga ka yi ta kafin wannan amsa ta same ka, ka dakata daga nan, ka lura da jikinka. Zazzaɓi da rawar ɗari cikin 'yan awanni, kumburin fuska ko leɓe, sarƙewar numfashi, jiri mai kayarwa, fitsari mai launin shayi, ko wurin allurar ya yi ja ya kumbura yana zafi yana faɗaɗa, kowanne daga cikinsu na sashen gaggawa ne a wannan ranar, kuma ka nuna musu kwalbar da ruwan da ka haɗa ta da shi, ka faɗi lambar da ka ja a sirinjin da lokacin da ka yi.